Agogon Malam a Bakin Ruwa

Masu hannu da shuni na ƙasashen da ke gaɓar teku suna da wata gardama da ba ta ƙarewa, watau ko ya kamata mutum ya ɗaura agogonsa mai tsada ya tafi da shi shan iska bakin teku, ko kuwa ya kulle shi cikin akwati ya bar shi gida. Wasunsu suka ce ai don a shiga ruwa da shi aka ƙera shi, ɓoye shi daidai yake da mutum ya sayi ingarman doki ya hana shi sukuwa. Wasu kuwa suka ce gishirin teku da rairayi ba su san abu mai tsada ba, yadda za su ci na sule goma haka za su ci na fam dubu. Mai karatu zai ce, to mene ne ruwan ɗan Birnin Gwari da wannan zance, mutumin da tsakaninsa da teku tafiyar yini guda ce cur a mota? Ruwana a ciki shi ne, mu ma muna da namu bakin ruwan, muna kuma da agogo, tambayar nan kuwa ta iso har cikin gidanmu. Sai dai kafin ta iso ta sake kama, ta zama maganar rai da mutuwa.

Bari mu fara ba waɗancan mutane haƙƙinsu, don gardamar tasu tana da tushe. A shekarar 1926 kamfanin Rolex, wanda Hans Wilsdorf ya kafa, ya fito da agogon hannu mai suna Oyster, wanda aka toshe shi yadda ruwa ba zai shiga ba. Shekara na zagayowa, a 1927, wata Baturiyar Ingila mai suna Mercedes Gleitze ta rataya irinsa a wuya, ta faɗa cikin tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa, ta yi fiye da sa'a 10 tana iyo, ta fito agogon yana aikinsa. Kamfanin ya yi ta talla da wannan labari. A 1953 kuma suka fito da Submariner, wanda aka yi domin masu nutso har zurfin mita 100. Tun daga nan Turawa suka ɗauka cewa agogon kirki shi ne wanda ba ya tsoron ruwa.

Amma fa wani tsohon mai gyaran agogo a bakin kasuwarmu, wanda kullum gilashinsa yana maƙale a ido ɗaya, ya taɓa bayyana mini cewa kowane agogo ƙofa uku gare shi da ruwa ke nema: gilashin fuska, da murfin baya, da 'yar kusar nan ta gefe da akan murɗa a daidaita lokaci. Kowace ƙofa an sa mata wani siririn zobe na roba, shi ne mai gadi. Robar nan kuwa tsufa take yi, zafin bazara da iskar hunturu su busar da ita, har ta tsage mai agogo bai sani ba, sai ran da ya ga raɓa ta taru a cikin gilashi. Lambar da ake rubutawa a bayan agogo ma takan ruɗi mutane. In an rubuta mita 30, ba a ce ka nutse da shi mita 30 ba, gwaji ne aka yi a ma'aikata cikin ruwa kwantacce, iyakarsa wankin hannu da yayyafi. Mai mita 100 shi ne na iyo, mai mita 200 na nutso. Maɗaurin fata kuwa ko wane iri ne ruwa abokin gabarsa ne. Saboda haka shawarar masana ita ce a ɗaure kusar nan tamau kafin a shiga ruwa, in an fito daga teku a ɗauraye agogon da ruwan daɗi, lokaci lokaci kuma a kai a sake robar. Iyakar abin da mutumin bakin teku ke tsoro ke nan, in ban da ɗan sane.

To, mu zo gida. Allah bai ba Birnin Gwari teku ba, amma Ya ba ta ruwa da daji. Ga Kogin Mariga, wanda ya raba dajin Kamuku da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Ga madatsar ruwa ta Bagoma kusa da gari. A cikin Kamuku kuma ga Dogon Ruwa inda ruwa ke zubowa daga kan duwatsu, ga Goron Dutse, ga Tsaunin Rema. Dajin nan tun 1936 En'e ta keɓe shi ya zama gandun daji, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi wurin shaƙatawa na ƙasa, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 1,120. Da rani in rafuka suka janye, sai su bar farin rairayi shimfiɗe kamar an yi shara, mata na wanki suna shanya a kai, yara na wanka, masunta na gyaran koma, makiyaya na shayar da shanu. Wannan shi ne bakin tekunmu, ba mu kuwa raina shi ba.

Agogo mai tsada na farko da na sani a duniya na kakana ne, mahaifin mahaifiyata, wanda kowa a unguwa, har mu jikoki, ke kira Malam, don malamin firamare ne. A farkon 1975, da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji tare da ariyas, abokan aikinsa wasu suka sayi babur, wasu rediyo mai kaset, wasu suka ƙara aure. Shi kuwa ya hau mota zuwa Kaduna, ya komo da Rado a hannu. Irin nan ne da kamfanin ya fara yi a 1962, DiaStar, mai jikin wani ƙarfe mai taurin gaske wanda ba ya ƙarzuwa. Ba ya cin batir, ba a kuma bukatar yi masa wani kullum, motsin hannun mai shi ne ke ba shi rai. In aka ajiye shi kamar kwana biyu sai ya tsaya. Malam yakan ce shi ya sa yake son sa, agogo ne da ba ya zama da rago.

Mahaifiyata ta ce a zamanin nan agogon Malam na unguwa ne duka. Ladan yakan aiko a duba masa, mai jiran motar Funtuwa yakan tsaya ya tambaya, mai haƙuri da maganin asibiti yakan turo yaro ya ji ko lokacin sha ya yi. Da shi Malam ke buga ƙararrawar makaranta. A aji biyu kuma yakan yanka kwali ya yi fuskar agogo, ya sa mata hannuwa biyu na kara, ya koya wa yara ƙarfe nawa, sa'an nan wanda ya fi ƙoƙari a ba shi ladan duba na gaske a tsintsiyar hannun Malam.

Ni ma na riski ƙarshen wannan zamani. Ina ɗan shekara bakwai ko takwas, bayan ya yi ritaya, yakan ɗauke mu a babur zuwa gonarsa ta bakin rafi. In rana ta take sai ya kwance agogon, ya jefa cikin hularsa, ya ɗora hular a kan dutse, ya naɗe wando ya shiga ruwa. Wata rana na ce masa, "Malam, ba an ce agogon nan ba ya shan ruwa ba?"

Ya ce, "Abokina, wanda ya faɗa maka haka shi zai saya mini wani? Robar da ke cikinsa ta girmi uwarka."

Hular nan takan yini a kan dutse, masu wucewa na wucewa, ba wanda ke ɗaga ta. Fulani makiyaya in sun kawo shanu sukan gaishe shi, wani ya ce, "Malam, rana ta kai ina a wurinka?" Shi kuma ya leƙa cikin hula ya faɗa musu, su yi dariya su ce ai inuwar sandarsu ta riga ta faɗa. Wani lokaci su ba mu nono, Malam ya ba su goro. Abin da yake tsoro a kan agogonsa a lokacin nan bai wuce abin da Baturen bakin teku ke tsoro ba, watau ruwa da rairayi.

Akwai kuma wasu mutanen bakin ruwa da ya kamata in ambata, su ne masu wankin zinariya. Ƙasar Birnin Gwari tana da zinariya, Turawan mulkin mallaka sun haƙa, musamman a shekarun 1930, kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya durƙusar da aikin. Daga baya talakawa suka gaji ramukan. Za ka ga saurayi tsaye cikin ruwa har gwiwa tun hantsi, yana jujjuya tasa cike da ƙasa, ruwa na tafiya da yashi, ƙwayoyin zinariya masu nauyi na kwantawa a gindi. Agogon zinariya irin na manyan attajirai, wanda ake ce wa mai karat 18, kashi 75 cikin 100 na jikinsa zinariya ce tsantsa, ƙasar Suwizalan da ta fi shahara wajen ƙera shi kuwa tana cikin manyan masu tace zinariya a duniya. Ban taɓa ganin mai wankin ƙasa da agogo a hannu ba, ko da na roba. Mutumin da ya fi kowa kusa da asalin agogon zinariya a garinmu, da inuwa yake gane azahar.

Sannu a hankali daji ya sake hali. Aka fara da satar shanu, aka koma ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mutanen ruga, har abin ya zama ƙona ƙauyuka da satar mutane don kuɗin fansa. A watan Mayu na 2018 aka kai hari ƙauyen Gwaska aka kashe fiye da mutum 40. Hanyar Kaduna, wadda ba ta fi kilomita 120 da 'yan kai ba, ta zama sai an jira rakiyar soja, wasu kuma suka gwammace su zaga ta Funtuwa da Zariya. A ƙarshen Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta sa aka katse layukan waya a yankinmu, aka hana hawan babur da cin kasuwannin mako. A watan Maris na 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, garin da ke kan hanyar nan tamu, bayan mako biyu da 'yan kwanaki aka dawo da 137. Kamuku kuwa, maimakon masu yawon buɗe ido, sai ta zama maɓoyar masu bindiga.

Kada mai karatu ya ce a da ba a fashi a hanyar Birnin Gwari. Ana yi. Amma ɗan fashin da yakan karɓi agogo ya saki mai shi. Ɓarawon dajin shekarun nan kuwa sai ya karɓi agogo, sa'an nan ya tafi da mai shi, domin agogon ya riga ya gaya masa abin da yake son ji. Waɗanda Allah Ya kuɓutar sun ba da labarin yadda ake tsai da mota a fito da fasinja, a duba tafin hannun mutum a ga ko ya san fartanya, a duba takalminsa da wayarsa da tsintsiyar hannunsa. Ko mutum ya cire agogo, farin tabon da ya bari a fata yakan tona shi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A bakin hanyar nan ido ya zama mudu, da shi aka riƙa auna kuɗin kan mutum.

Wani maƙwabcinmu, tela ne mai rufin asiri, yana da wani agogo mai ruwan gwal da ya saya a hannun mai talla, an rubuta Rolex a fuskarsa, amma kowa ya san jabu ne, kuɗinsa bai kai na ɗinkin riga biyu ba. Don Juma'a da biki yake sa shi. Ran nan ya tafi da shi ɗaurin aure wani ƙauye, a kan hanyar dawowa aka tare su a wata mashaya, inda dole babur ya rage gudu ya ratsa rairayi. Aka saki wasu, aka riƙe shi. Ya yi rantsuwa har ya gaji cewa shi tela ne, agogon kuma na banza ne, suka ce talaka ba ya ɗaura zinariya. Ɗan bindiga ba mai gyaran agogo ba ne balle ya buɗe murfi ya duba. Kafin ya dawo gida sai da aka sayar da gonar gado da shanun huɗa biyu da keken ɗinkin kansa. Ya dawo da ransa, amma yau a shagon wani yake ɗinki, ana biyansa a kan riga.

Daren da wannan labari ya iso unguwa, kakata ta miƙa wa Malam hannu ba ta ce komai ba. Ya kwance Radon nan da ya shekara arba'in da wani abu a hannunsa ya ba ta, ta naɗe a tsumma ta sa a ƙasan adaka. Kwana biyu ya tsaya. Daga nan in tafiya ta kama Malam, sai ya sa tsohuwar riga da silifa, ya shafa ƙasa a hannu. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana koya wa yara tsabta da yanke farce, ga shi yana koyon shigar almajirai don ya tsira. Gonar bakin rafi kuwa ta koma saura.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa agogo ɗaya ya zama abu biyu a wuri ɗaya. Amsar da na samu ita ce, kowane agogo mai tsada magana biyu yake yi. Yana faɗin lokaci, yana kuma faɗin abin da mai shi ya mallaka. A zamanin da Malam ke ajiye hula a kan dutse, maganar farko mutane suka fi ji, don suna da bukatarta, suna kuma da rabo a cikinta. Yau kowace 'yar ƙaramar waya tana faɗin lokaci, agogon Casio na roba wanda aka fito da shi a 1989 ma ya fi Rolex cika daidai, don ƙwayar da ke cikinsa tana kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa guda, na Rolex kuwa bugu 8 yake yi. Saboda haka maganar farko ta zama kyauta, saura ta biyu kaɗai. Wanda kuma ke sauraronta a bakin daji yaro ne da bai taɓa zama a aji ba.

Wannan ita ce maganar da ta fi ci wa Malam rai. Ya ce da yawa daga cikin masu riƙe da bindigogin nan ba su kai ni shekaru ba, ba kuwa wanda ya taɓa yanka musu kwali ya nuna musu dogon hannu da gajere. An ƙaddamar da ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, an kafa hukumar ilmin 'ya'yan makiyaya a 1989, amma a rugagen da ya sani a dajinmu, yaro yakan girma bai ga allo ba, bai ga asibiti ba, in an sace shanun ubansa kuma bai ga alƙalin da zai bi masa haƙƙi ba. Wannan bai wanke kowa daga laifin jini ba, wanda ya kashe rai ya kashe, wanda ya raba tela da kekensa azzalumi ne. Amma wanda ba a koya masa karanta fuskar agogo ba, farashinsa kaɗai zai karanta.

Na san cikin 'yan'uwana ɗalibai akwai mai cewa, to ai maganin abin sauƙi gare shi, kowa ya bar ado, dama fariya ba kyau. Lalle akwai gaskiya a ciki. Wanda ya ɗaura kuɗin rijiya goma a hannu ya ratsa ƙauyen da ake shan ruwa tare da shanu, ya kamata ya ji kunya ko ba ɗan bindiga a hanya. Amma Malam ba ɗan fariya ba ne, guminsa ya saya, ya kuma yi wa jama'a aiki da shi. Telan nan ma bai zalunci kowa ba don ya so ya yi kyau ran ɗaurin aure. Garin da mai gaskiya ba ya iya sa abin da ya saya da halalinsa, sai ya yi shigar tsiya kafin ya fita, garin nan ba shi da lafiya, ko da kasuwa na ci.

A ƙarshen Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari, aka yi sulhu da wasu daga cikin shugabannin 'yan bindiga, aka kuma buɗe karar shanu wadda ta yi kusan shekara 10 a rufe. Bayan haka motoci suka ƙaru a hanya, wasu manoma suka koma gonakin da suka bari. Mutane sun rabu biyu a kan sulhun, wasu na murna, wasu na tambayar ina haƙƙin waɗanda aka kashe, ina kuma bindigogin. Da Babbar Salla ta 2025 Malam ya sa aka buɗe adaka. Ya girgiza agogon, ya kara a kunne, ya daidaita shi da labarun rediyo, ya ɗaura ya tafi Idi. Na ce masa, "Malam, ashe gobe sai gonar rafi."

Ya ce, "Abokina, masallacin Idi cikin mutane yake. Rafi kuwa sai na ga shekara ta zagayo."

Gwamnati tana da hanyoyinta na auna zaman lafiya, ta ƙirga motocin shanu da buhunan masara. Ni ma'aunina ƙarami ne. Ran da dattijo zai ajiye agogonsa cikin hula a kan dutse a bakin Mariga ya shiga wanka, ɗan makiyayi ya zo wucewa ya leƙa ya karanta lokacin da kansa ya yi gaba, ran nan za mu ce daji ya kwanta. Wannan rana kuwa soja kaɗai ba zai kawo ta ba. Mu da muke cikin jami'a yau, cikinmu ne za a sami malaman makaranta da alƙalai da likitocin dabbobi da za a tura Kuyello da Dogon Dawa da Randagi. Da yawanmu, ran da takardar aiki ta fito, abin da za mu fara nema shi ne hanyar da za a mai da mu birni, abin da za mu fara saye da albashin farko kuwa wataƙila agogo ne. Ba laifi a saya. Sai dai mu tuna, in muka ƙi zuwa mu koya wa yaran can duba shi, wata rana za mu haɗu da su a mashaya, su duba mana shi yadda suka iya.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.